Me Ya Sa Kamfanonin Inshora Suke Guje wa Gidajen Kalifoniya da Fulorida?

A ƙarshen watan Mayu na 2023, kamfanin State Farm, wanda ya fi kowane kamfani yawan gidajen da yake yi wa inshora a Amurka, ya ba da sanarwar cewa ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gida a jihar Kalifoniya. Kafin shi, kamfanin Allstate ya riga ya ɗauki irin wannan mataki ba tare da yayatawa ba. Dalilai uku State Farm ya kawo, wato tsadar gini, yawaitar bala'o'i, da tsadar kariyar da shi kansa yake saye domin ranar da diyya za ta fi ƙarfinsa. Duk wanda ya san kasuwanci ya san cewa ba ƙaramin abu ba ne zai sa ɗan kasuwa ya ga mai saye riƙe da kuɗinsa, a jihar da ta fi kowace jiha yawan jama'a da arziki, ya ce masa ya ƙara gaba.

Mafi yawan rahotannin da suka biyo baya sun tattara laifin sun ɗora wa sauyin yanayi, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai rabin magana suka faɗa. Idan aka bi lissafin asarar da kamfanonin nan suka tafka a shekara talatin da suka wuce, abin da ya fi fitowa fili shi ne mutane sun yi ta kai dukiya mai tsada suna jibgewa a wuraren da iska da ruwa da wuta suka saba bi tun kafin a haifi kakanninsu, hukumomi kuma suka yi ta danne farashin inshora don kada ya faɗa wa masu gidajen gaskiyar haɗarin da suke ciki. Sauyin yanayi ya zo ya tarar da wannan ne, ya ƙara masa nauyi.

Sana'ar inshorar kadara ta ginu ne a kan zato guda, cewa masifa ba za ta faɗa wa kowa a rana ɗaya ba. Kamfani yana karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan daga gidaje dubu ɗari, ya san cewa a shekara wasu za su yi gobarar kicin, wasu bututun ruwa ya fashe musu, wasu ɓarawo ya shiga, kuma da yake gobarar wannan gida ba ta da alaƙa da ta wancan, ana iya kintatar jimillar diyyar kusan daidai tun kafin shekara ta kama. Kamar asusun da 'yan kasuwa kan kafa a tsakaninsu ne: idan rumfa ɗaya ta ƙone, sauran su haɗa wa mai ita jari, amma ranar da wuta ta cinye kasuwar baki ɗaya, masu ba da gudummawar su ne masu neman ta. Guguwa da girgizar ƙasa da wutar daji irin wannan rana suke kawowa. Tun ƙarni na sha tara aka gane haka, domin gobarar da ta cinye wani babban yanki na birnin Hamburg a 1842 ce ta sa aka kafa Cologne Re a Jamus, gobarar garin Glarus ta 1861 kuma ta haifar da Swiss Re a 1863. Aikin irin waɗannan kamfanoni shi ne inshora ta biyu. Kamfanin da ya yi wa gidanka inshora yakan je wurinsu ya sayi tasa kariyar, su kuma su baza haɗarin a faɗin duniya, bisa lissafin cewa da wuya girgizar ƙasa a Japan da guguwa a Miami da ambaliya a Jamus su haɗu a shekara guda.

Kafin 1992, yadda kamfanonin Amurka ke sa wa guguwa farashi bai wuce su duba abin da suka biya a shekaru ashirin ko talatin da suka gabata su ɗauki matsakaici ba. Sai aka yi katari shekarun 1970 da 1980 suka zo da sauƙin guguwa a Fulorida, a daidai lokacin da jama'a ke kwarara cikin jihar, saboda haka littattafan kamfanoni suka nuna musu cewa gaɓar tekun nan wurin riba ne, suka yi ta gasar karya farashi. Asara mafi girma da suka sani ita ce ta guguwar Hugo ta 1989, wadda ta ci musu kimanin dala biliyan 4. Da asubahin 24 ga Agusta 1992 guguwar Andrew ta sauka a Homestead, kudu da Miami. Akwai wata mata mai suna Karen Clark, wadda tun 1987 ta kafa wani ƙaramin kamfani a Boston da ke amfani da kwamfuta wajen kwaikwayon dubban guguwoyi a kan taswirar gidajen da ke tsaye a lokacin, maimakon dogaro da abin da aka biya a baya. A ranar ta aika wa abokan hulɗarta saƙo cewa asarar za ta iya haura dala biliyan 13. Tsofaffin hannu a kasuwar inshora ta Landan ba su yarda ba, suna ganin da ƙyar ta kai rabin haka. Da aka gama ƙirga, diyyar ta kai kusan dala biliyan 15 da rabi, kamfanoni 11 suka durƙushe, alhali tsakiyar birnin Miami ma ta tsira, gefe guguwar ta bi.

Daga Andrew ne kusan duk abin da ake gani a sana'ar yau ya samo asali. Kwaikwayon bala'i da kwamfuta ya zama dole, aka kafa sababbin kamfanonin inshora ta biyu a tsibirin Bamuda, jihar Fulorida ta buɗe asusun guguwa nata a 1993, aka tsaurara dokokin gini, aka kuma ƙirƙiro takardun lamunin bala'i, inda masu zuba jari ke ajiye kuɗi su karɓi riba mai yawa da sharaɗin cewa idan guguwa ta kai wani mataki kuɗin ya tafi ga biyan diyya. Duk da waɗannan gyare-gyare, asarar ba ta daina hauhawa ba. Bisa ƙididdigar Swiss Re, diyyar bala'o'in da kamfanonin inshora suka biya a duniya ta haura dala biliyan 100 a kowace shekara daga 2020 zuwa 2024, ta 2024 kaɗai ta kai biliyan 137, kuma ko bayan an cire tasirin faɗuwar darajar kuɗi, tana ƙaruwa da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk shekara. Abin da ke ƙaruwa da wannan sauri yakan ninka kansa cikin shekara goma zuwa sha huɗu.

Ya kamata mai karatu ya san abin da waɗannan alƙaluma suke aunawa. Suna auna asarar mutanen da ke da inshora ne kawai, shi ya sa Amurka ke cinye mafi yawansu. Girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023 ta kashe mutane fiye da 50,000, amma abin da inshora ta biya bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na dukiyar da ta salwanta ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye wani babban ɓangare na Maiduguri, har da kasuwa da asibiti da unguwanni, kusan babu abin da ya shiga wannan lissafi, domin a Najeriya kuɗin da ake biya na inshora bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasa ba. Masu gidaje da masu shaguna ne suka ɗauki asarar a kansu, da abin da 'yan uwa da gwamnati da masu hannu da shuni suka tara. Saboda haka hauhawar da muke magana a kai labarin ƙasashen da suka yi nisa a harkar inshora ne, ko da yake tsadar takan biyo ta kasuwar inshora ta biyu ta iso har ga kamfanonin Legas, tunda su ma a can suke sayen wani ɓangare na kariyarsu.

Babban dalilin hauhawar, a ganina, yana nan a gundumar Lee da ke kudu maso yammacin Fulorida. A Satumban 1960 guguwar Donna ta ratsa wannan yanki da ƙarfinta, lokacin mutanen gundumar ba su kai 55,000 ba. Garin Cape Coral a lokacin bai wuce shekara uku da fara shi ba, 'yan kasuwar filaye ne suka yashe fadama suka haƙa magudanun ruwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita domin kowane gida ya samu bakin ruwan da zai ɗaure kwalekwalensa, suka yi ta tallar filayen ga 'yan fansho na arewacin ƙasar masu gudun sanyi. Zuwa ƙidayar 2020 mutanen gundumar sun haura 760,000. Da guguwar Ian ta biyo kusan wannan hanya a 28 ga Satumba 2022, Swiss Re ya ƙiyasta diyyar tsakanin dala biliyan 50 zuwa 65. Hanyar iskar ba ta sauya ba, abin da aka shimfiɗa a kanta ne ya ninka fiye da sau goma, kuma gidan yau ya fi na 1960 girma, ya fi shi kayan lantarki da na'urorin sanyaya ɗaki da motoci a ƙofa. Masu bincike da suka ɗauki guguwar Miami ta 1926 suka ɗora ta a kan birnin na yanzu sun samu cewa ɓarnarta za ta wuce dala biliyan 100 nesa ba kusa ba. Jihar da ke da mutum miliyan 5 a 1960 yau tana da fiye da miliyan 22, yawancinsu kusa da teku.

Sai dai abin da ya fi ba kamfanoni mamaki a shekarun nan ba manyan guguwoyin teku masu suna ba ne. Ƙanƙara ce, da iskar hadari, da guguwar tudu mai juyawa, irin waɗanda ba a kai rahotonsu a labaran duniya. A 2023 diyyar irin waɗannan ta haura dala biliyan 50 a Amurka, a 2024 aka sake maimaitawa, wato kowace shekara tamkar an yi guguwar Ian guda, amma a rarrabe cikin aukuwa da dama. Rufin gidajen Amurka galibi ba kwano ba ne, falle-fallen kwalta ne da aka yayyafa wa tsakuwa, ana jera su a kan katako. Ƙanƙara mai girman ƙwan kaza in ta zuba na minti goma takan kankare tsakuwar, ta fasa fallen, ta farfasa gilasan taga da farantan sola, ta lotsa motocin da ke waje. Babu wanda ya mutu, babu gidan da ya rushe, amma unguwa guda mai gida dubu biyar kowa yana neman sabon rufi. Yankin Dallas da Fort Worth a Texas, wanda ke tsakiyar hanyar ƙanƙara, yana da mutum kusan miliyan 4 a 1990, yanzu ya haura miliyan 8, kuma a faɗi ya bunƙasa ba a tsaye ba. Hadarin da a da zai zube a gonar auduga ko makiyaya, yau a kan rufin mutane yake zubewa. Turai ma ba ta tsira ba, domin a Yulin 2023 an tsinci ƙanƙara mai faɗin santimita 19 a arewacin Italiya, mafi girma da aka taɓa aunawa a nahiyar, kuma diyyar hadarin wannan bazara ta kai biliyoyin daloli a ƙasar da ba ta saba da haka ba.

Kan wannan sai a ɗora tsadar gini. Kamfanin inshora ba kuɗin da ka sayi gida yake alkawarin biya ba, kuɗin sake gina shi a farashin ranar da ya rushe ne. Bayan annobar korona farashin katako a Amurka ya ninka fiye da sau uku a 2021, kayan rufi da lada na magina suka bi sahu, alhali kuɗin shekarar da aka karɓa daga masu gidaje an yanke shi ne bisa tsohon farashi. Bala'in kansa ma yana ƙara tsada, domin idan gida dubu goma suna neman kafinta a mako ɗaya, kafinta ne ke yanka farashi, kuma duk watan da aiki ya ƙara, kamfanin ne ke biyan hayar inda iyalin suka raɓe.

A Fulorida an samu wani ƙari da ba shi da alaƙa da iska ko ruwa. Mai aikin rufi zai buga maka ƙofa ya ce yana duba rufin unguwa kyauta. Ya hau, ya sauko ya ce ai hadarin bara ya taɓa rufinka, zai sa maka sabo ba ka biya ko sisi ba, sa hannu kawai za ka yi a wata takarda da ke miƙa masa haƙƙinka na neman diyya. Rufin da ya tsufa don kansa ya shekara ashirin, sai a rubuta shi a matsayin ɓarnar iska, a aika wa kamfani takardar kuɗi mai nauyi. Idan kamfani ya ƙi, lauya na nan a shirye, kuma tsohuwar dokar jihar ta ce idan kamfani ya sha kaye ko da a kan ɗan ƙaramin bambanci ne, shi zai biya lauyan mai ƙara, amma idan mai ƙara ya faɗi ba ya biyan na kamfani. Hukumar inshora ta jihar ta fitar da alƙaluman da ke nuna cewa a 2019 Fulorida ce ke da kusan kashi 8 cikin ɗari na masu neman diyyar gida a ƙasar, amma ita ke da fiye da kashi 75 na ƙararrakin da aka shigar. Kamfanoni shida suka durƙushe a jihar a 2022 kaɗai, a Disamban shekarar kuma majalisar jihar ta soke dokar biyan lauyan, da kuma dokar miƙa haƙƙin diyya. Ban ɗauki kamfanonin a matsayin waɗanda aka zalunta zalla ba. An yi dokar ne tun farko saboda talaka ba shi da ƙarfin ja da kamfanin da ya ƙi biyansa, kuma a 2025 jaridun jihar sun bankaɗo wani rahoto da hukuma ta ajiye, wanda ya nuna cewa wasu kamfanoni suna kukan asara a daidai lokacin da suke tura maƙudan kuɗi ga rassansu da sunan kuɗin gudanarwa.

To ina rabon sauyin yanayi? Yana nan, kuma yana ƙaruwa. Iska takan riƙe ƙarin tururin ruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari a duk digiri ɗaya na ƙarin zafi, shi ya sa ruwan sama mai ƙarfi ya ƙara ƙarfi. Guguwar Harvey ta 2017 ta zubar da ruwan da ya haura mita ɗaya da rabi a wani yanki na Texas cikin 'yan kwanaki. Teku ta ɗaga da kusan santimita 20 tun daga 1900, saboda haka igiyar da guguwa ke turowa daga wuri mafi tudu take farawa. A yammacin Amurka rani ya ƙara tsawo, ciyayi da itatuwa sun ƙara bushewa. Game da ƙanƙara kuwa, masana ba su kai ga matsaya guda ba tukuna. Inda sauyin yanayi ya fi cutar da kamfanin inshora shi ne wajen lissafi, domin yana rage amfanin tarihin da ake dogara da shi, kuma duk abin da mai inshora bai iya auna shi da kyau ba, sai ya ƙara masa kuɗi saboda rashin tabbas. Guguwar Helene ta Satumban 2024 ta kai ambaliya har garin Asheville da ke kan tsaunuka, ɗaruruwan kilomita daga teku, garin da wasu suka koma don gudun bala'in gaɓar teku, kuma ƙalilan ne a can suke da inshorar ambaliya.

Duk waɗannan sun taru sun fashe a ranar 1 ga Janairu 2023, ranar da ake sabunta yawancin yarjejeniyoyin inshora ta biyu a duniya. Daga 2017, shekarar guguwoyin Harvey da Irma da Maria, zuwa 2022, kamfanonin inshora ta biyu ba su samu ribar da za ta gamsar da masu jarinsu ba, ga shi kuɗin ruwa ya tashi, mai kuɗi yana iya samun riba daga takardun lamunin gwamnati ba tare da fargabar guguwa ba. Dillalin inshora Howden ya ƙiyasta cewa farashin kariyar bala'i ya tashi da kashi 37 cikin ɗari a wannan rana, tashi mafi girma tun bayan Andrew. Amma sauya sharuɗɗa ya fi tashin farashin ciwo. A ɗauki misali na kamfanin da a da yake ɗaukar dala miliyan 50 na farko a kowane bala'i, abin da ya haura masu inshora ta biyu su biya, kuma yana da wata yarjejeniyar da ke tallafa masa idan ƙananan bala'o'in shekara suka taru suka yi yawa. A 2023 sai aka ce masa ya ɗauki miliyan 100 na farko, yarjejeniyar tarin kuma an daina sayar da ita. Idan aka yi hadarin ƙanƙara goma a shekara, kowanne ya ci miliyan 60, duk miliyan 600 ɗin a kansa suke, ba wanda zai taya shi da ko kwabo. Haka kuwa aka yi. Masu inshora ta biyu suka ci riba mai kauri a 2023, sashen inshorar gidaje na Amurka kuma ya yi asarar kusan dala biliyan 15 a lissafin AM Best, kamfanin da ke auna ƙarfin kamfanonin inshora, mafi muni tun shigowar wannan ƙarni.

Kamfanin da ya shiga wannan hali hanya uku gare shi: ya ƙara kuɗi, ya ƙara kason da mai gida zai fara biya daga aljihunsa, ko ya tattara ya bar wurin. Kalifoniya ta toshe ta farko, shi ya sa aka bi ta uku. Tun 1988 masu zaɓe a jihar suka amince da wata doka da ta ce ba a ƙara kuɗin inshora sai da izinin kwamishina, kuma ƙarin da ya haura kashi 7 cikin ɗari yana iya jawo zaman sauraron jama'a mai cin watanni, abin da ya sa kamfanoni suka yi ta neman kashi 6.9. Ƙa'idojin jihar sun kuma tilasta musu lissafa haɗarin wutar daji daga matsakaicin asarar shekaru ashirin da suka wuce, ba a yarda su yi amfani da kwaikwayon kwamfuta ba, ba a yarda su sa tsadar inshora ta biyu a farashi ba. Wato hanyar da Andrew ta nuna rashin ingancinta a 1992 ita ce doka a Kalifoniya har ƙarshen 2024.

Wutar ba ta jira gyaran doka ba. Da safiyar 8 ga Nuwamba 2018 wata ƙugiyar ƙarfe da ta cinye saboda tsufa ta tsinke a kan layin wutar lantarki na kamfanin PG&E, layin da ya kusa shekara ɗari, tartsatsi ya faɗa busasshiyar ciyawa, iska ta kora wutar cikin garin Paradise. Mutum 85 suka mutu, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone, yawancinsu a yinin farko. Wani ƙaramin kamfanin inshora na jihar, Merced, ya durƙushe cikin 'yan makonni, PG&E ya shiga fatarar kuɗi, daga baya ya biya kamfanonin inshora dala biliyan 11. Asarar gobarar 2017 da 2018 ta cinye ribar da kamfanonin inshorar gidaje suka tara a jihar cikin fiye da shekara ashirin. Daga nan suka fara janyewa unguwa-unguwa, kuma da yake banki a Amurka ba ya ba da bashin sayen gida sai da inshora, wanda aka kora ba shi da zaɓin zama haka nan. Sai ya koma FAIR Plan, wani asusun mafaka da aka kafa a 1968 domin waɗanda kowa ya ƙi, wanda duk kamfanonin da ke aiki a jihar suke ɗauke da nauyinsa. Daga 2020 zuwa 2024 masu rajista da shi suka ninka, suka kai kusan 450,000, akasarinsu a wuraren da suka fi haɗari. An tattara gidajen da suka fi yiwuwar ƙonewa tare an zuba su a asusu guda, wanda shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro inshora don kauce masa.

A 7 ga Janairu 2025 wutar Palisades da ta Eaton suka tashi a Los Angeles, suka cinye gine-gine fiye da 16,000, diyyar da aka ƙiyasta ta kai kusan dala biliyan 40. Bayan kimanin wata guda FAIR Plan ya nemi kamfanoni su zuba masa dala biliyan 1, karon farko tun bayan girgizar ƙasar Northridge ta 1994, kuma an ba su izinin karɓo rabin kuɗin daga abokan cinikinsu a duk faɗin jihar. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan ma'aikacin gona a Fresno da ke cikin kwari, wanda wutar daji ba ta kusa da gidansa, yana cikin masu biyan diyyar gidajen miliyoyin daloli da ke kallon teku. Tsarin Fulorida ma haka yake, domin kamfanin jihar mai suna Citizens, wanda ya kai masu rajista miliyan 1.4 a 2023, yana da ikon ɗora ƙarin kuɗi har a kan masu inshorar mota idan asusunsa ya ƙare. Shirin inshorar ambaliya na gwamnatin tarayya kuwa, majalisa ta yafe masa bashin dala biliyan 16 a 2017, kuma har yanzu baitulmali na bin sa fiye da biliyan 20.

Na fahimci abin da ya sa 'yan siyasa ke danne farashi. Tsohuwar da ta shekara arba'in a gidanta, tana rayuwa da fansho, ba ita ta kawo wutar ba, kuma ninka mata kuɗi sau uku korarta ne daga gidan. Sai dai a taimaka mata kai tsaye da kuɗin gwamnati da kowa ke gani a kasafi ya fi a rage farashi ga kowa, har da mai shirin gina sabon gida a bakin daji gobe. Kuma abin da ke rage asarar kanta sananne ne. Jihar Alabama tana ba masu gidaje tallafin da ya kai dala 10,000 don su ɗaure rufinsu da ƙusoshi masu zobe su kuma like mahaɗan katakon ƙarƙashi, ta wajabta wa kamfanoni rage musu kuɗi, kuma da guguwar Sally ta zo a 2020 irin waɗannan gidaje sun fi maƙwabtansu tsira ƙwarai. A Paradise, kusan rabin gidajen da aka gina bayan dokar gini ta 2008 sun tsira, waɗanda aka gina kafin ta kuwa ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka tsira. Yawancin gidaje ba harshen wutar daji ke cin su ba, garwashi ne da iska ke ɗaukowa daga nesa ya faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko ya shige ta tagar iska ta ƙarƙashin rufi, ko ya kama shingen katako da ke manne da bango.

Saboda haka ne majalisar Kalifoniya ta zartar da doka a 2020 cewa a wuraren da suka fi haɗari a kawar da duk abin da ke kama wuta a tazarar ƙafa biyar daga jikin gida. Ƙa'idojin aiwatar da ita ya kamata su fito a farkon 2023, amma aka yi ta jan ƙafa saboda ƙorafin kuɗin da za a kashe da na masu son shuke-shuken ƙofar gidansu, har wutar Los Angeles ta tashi ba a kammala rubuta su ba. Kwanaki kaɗan bayan gobarar, gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a umarnin dakatar da wasu dokokin muhalli domin waɗanda gidajensu suka ƙone su samu damar sake gini da sauri a filayensu na da.